Da Mudun Wa Ake Auna Mu? Tsokaci Kan Tambayar "Wane Ne Kai"

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicce mu daga tsatso guda, sa'an nan Ya bambanta harsunanmu da launukanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya. 

A jami'o'in duniya akwai wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam wanda aikinsa shi ne kwatanta al'ummu: yadda mutumin Japan yake kallon kansa a gefen yadda Ba'amurke yake kallon nasa, abin da Balarabe ya ɗauka da girma a gefen abin da Bajamushe ya ɗauka. Babban kayan aikin masu wannan fanni shi ne tambaya. Su zauna da mutum su yi hira da shi, ko su miƙa masa takardar tambayoyi, ko kuma su aiko masa da ita ta waya. Wane ne kai? Me ya fi muhimmanci a rayuwarka? Tsakanin biyayya ga iyaye da bin ra'ayin kanka, wanne za ka gabatar? Daga amsoshin a fitar da alƙaluma, daga alƙaluman a rubuta littattafai, daga littattafan a koyar da ɗalibai, har da namu, cewa ga yadda mutanen wuri kaza suke.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, tambaya mudu ce, kuma kowane mudu akwai kasuwar da aka ƙera shi dominta. Wanda ya auna hatsinmu da mudun wata kasuwa zai iya rantsuwa cewa bai tauye ba, kuma ya yi gaskiya, amma lissafinsa ya fito ba daidai ba. Saboda haka akwai amana a wuyan mai tambaya, akwai wata a wuyan mai amsawa, akwai ta uku a wuyan mai karanta sakamakon. Mu kuwa a yau dukkan ukun muna iya zama.

Layi ashirin, amsa iri-iri

A shekarar 1954 wasu masana biyu a Amurka, Manford Kuhn da Thomas McPartland, suka fito da wani gwaji mai sauƙi. A ba mutum takarda mai layi ashirin, a ce ya amsa tambayar "wane ne ni" sau ashirin. Daga baya aka yi ta yawo da wannan gwaji a ƙasashe. A wani bincike da aka buga a 1997 an gwada shi a kan ɗaliban jami'a a Amurka da kuma rukunonin mutane daban-daban a Kenya. Kusan rabin amsoshin ɗaliban Amurka siffofin kai ne: ni mai fara'a ne, ni mai ƙwazo ne, ni mai son kaza ne. Su kuwa makiyayan Masai da Samburu, irin wannan amsa ba ta kai ko kashi 2 cikin 100 na abin da suka faɗa ba. Fiye da kashi 60 cikin 100 na amsoshinsu dangantaka ce da matsayi: ɗan wane, uban su wane, ɗan dangi kaza.

Abin lura a nan, wanda sau da yawa ake tsallakewa, shi ne ɗaliban jami'a a birnin Nairobi amsoshinsu sun fi kama da na ɗaliban Amurka a kan na makiyayan ƙasarsu. Ke nan idan mai bincike ya sauka a Nairobi, ya shiga jami'a ya raba takardu ya koma gida, zai rubuta cewa ya auna mutanen Kenya, alhali abin da ya auna shi ne tasirin ajin boko. Mai karatu, gwada wannan a kanka. In aka ce ka rubuta layi ashirin da Turanci a ɗakin lacca, me za ka fara da shi? In kuma kakarka ce ta tambaye ka da Hausa a tsakar gida fa?

Akwai ƙarin haske daga Japan. A 1989 Steven Cousins ya ga ɗaliban Japan ba sa yawan siffanta kansu in aka yi musu tambayar haka tsurarta. Da ya sauya ta, ya ce su siffanta kansu a gida, ko a makaranta, ko cikin abokai, sai ga shi sun fi ɗaliban Amurka kawo siffofin kai. Ashe ba rashin sanin kai ba ne. Tambayar farko ce ta ɗauka cewa mutum abu ne da za a iya cirowa daga cikin mutanensa a ajiye a tebur a duba shi kaɗai, su kuma ba haka suke ganin mutum ba.

Wanda ya tsara tambaya ya tsara rabin amsa

Sunan da ya fi fice a wannan fanni shi ne Geert Hofstede, mutumin ƙasar Holan. Tsakanin 1967 da 1973 an tattara takardun tambayoyi kimanin 116,000 daga ma'aikatan kamfanin IBM a ƙasashe da dama, shi kuma ya tace su ya fitar da ma'aunai huɗu na al'ada a littafinsa na 1980. Mafi shahara a cikinsu shi ne na fifita kai ko fifita jama'a. Amurka ta samu maki 91 a wajen fifita kai. Da aka faɗaɗa lissafin, sai aka haɗe Ghana da Najeriya da Saliyo a kwando guda aka kira su Afirka ta Yamma, aka ba su maki 20. Haka ƙasashen Larabawa bakwai, daga Masar da Libiya zuwa Iraƙi da Saudiyya, aka dunƙule su aka ba su maki 38.

Adalci ne a faɗi hujjar Hofstede. Ya ce tun da mutanen nan aikinsu iri ɗaya ne, kamfaninsu ɗaya, iliminsu ya yi kusa da juna, to bambancin da ya rage a tsakaninsu na ƙasa ne. Hujja ce mai ma'ana. Sai dai ka tuna su waye aka tambaya: ma'aikatan kamfanin kwamfuta, 'yan boko, mazauna manyan birane, shekaru fiye da hamsin da suka wuce. Lamba guda da aka samo daga bakinsu ita ce ta daɗe tana tsayawa a madadin manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da malamin zaure na ƙasashe uku.

Darasin da ya fi girma ya zo ne daga Michael Bond, wani masani ɗan Kanada da ya yi aiki a Hong Kong. Shi sai ya juya lamarin. Ya nemi masana 'yan Sin su lissafo abubuwan da al'adarsu ta ɗauka da daraja, aka samu guda 40, irin su biyayya ga iyaye, tattali, juriya, jin kunya, da kiyaye matsayin babba da ƙarami. Aka kai wannan takarda ga ɗalibai a ƙasashe 22, har da Najeriya, aka buga sakamakon a 1987. Sai ga wani ma'auni sabo fil ya fito wanda tambayoyin Hofstede ba su taɓa hango shi ba, ɗaya daga cikin nasa huɗun kuma bai bayyana ba sam. Hofstede ya karɓi gyaran, ya ƙara sabon ma'aunin ya zama na biyar, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Amma dubi abin da wannan ya tabbatar: abin da ba ka tambaya ba, ba za ka same shi ba. Da 'yan Sin ba su samu damar tsara tambaya ba, da har yau ana cewa ma'aunan al'adun duniya huɗu ne.

To, wa ya fi tsara tambayoyin, kuma wa aka fi tambaya? A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun wannan ilimi na tsakanin 2003 da 2007, ya ga kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suke, kashi 68 kuma daga Amurka kaɗai. Waɗannan ƙasashe kuwa kimanin kashi 12 ne cikin 100 na mutanen duniya. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa a abubuwa da yawa waɗannan mutane su ne ma suka fita daban da sauran 'yan Adam. Su masu fannin ne da kansu suka tona wannan, kuma hakan alama ce ta cewa ilimin yana da rai.

Idan aka yi wa amsa gurguwar fahimta

A 1931 da 1932 wani masanin Rasha, Alexander Luria, ya je ƙauyukan Uzbekistan ya yi hira da manoma Musulmi waɗanda ba su yi karatun zamani ba. Yakan ba su ƙa'ida biyu ya nemi natija. Alal misali, ya gaya wa mutum cewa babu raƙuma a Jamus, kuma gari kaza yana cikin Jamus, sa'an nan ya tambaye shi ko akwai raƙuma a garin. Mutumin ya amsa da cewa shi bai taɓa zuwa can ba, don haka bai sani ba, kodayake in babban gari ne ai da wuya a rasa raƙumi. Da yawansu sun tsaya a kan cewa su abin da suka gani shi suke magana a kai. Luria ya fassara wannan da cewa rashin makaranta ne ya sa tunaninsu ya tsaya ga abin da suka saba da shi a aikace.

Masanan da suka biyo baya sun sake duba maganar. Wasunsu suka ce ai mutumin nan ya yi amfani da hankali tsaf: raƙuma suna zuwa manyan garuruwa, in garin babba ne to akwai su. Abin da ya ƙi shi ne ya gina hukunci a kan labarin baƙon da bai sani ba. Ni kuma in na karanta wannan hira, abin da nake ji a ciki shi ne ɗabi'ar mai ba da shaida. Mun taso ana koya mana cewa kada mu bibiyi abin da ba mu da ilimi a kansa, kamar yadda aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hore mu. Mai tambaya yana gwada iya wasan aji, mai amsa yana kare gaskiyar bakinsa, kuma alƙalami yana hannun mai tambaya.

Irin wannan ya faru a Laberiya da mutanen Kpelle. Joseph Glick ya jera musu kaya ashirin, abinci da kayan aiki da mazubai da tufafi, ya ce su kasa su yadda suka dace. Sai su haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, su ce haka mai hankali zai yi, domin da wuƙa ake yanka lemo. An yi ta maimaitawa, ba su sauya ba. Da aka gaji aka tambaye su yadda wawa zai kasa, nan take suka ware abinci gefe, kayan aiki gefe, daidai yadda mai binciken yake nema tun farko. Da ba a yi wannan tambaya ta ƙarshe ba, da an rubuta cewa ba su iya ba.

Harshe da fuskar mai tambaya

Tun 1970 Richard Brislin ya yayata hanyar tantance fassara: wani ya fassara takardar zuwa harshen mutane, wani daban ya mayar da ita harshen asali, a kwatanta. Hanya ce mai amfani, amma kalma tana iya zuwa ta dawo lafiya alhali nauyinta ya zube a hanya. Ɗauki kunya. In aka mayar da ita Turanci takan faɗa cikin kalmomin da ke nuna rauni, ko tsarguwa, ko rashin sakewa cikin mutane, abin da wasu takardun ma suke aunawa a matsayin matsala. Mu kuwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya ta cikin rassan imani. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in aka auna ƙaunarta da yawan runguma da yabo, maki nawa za ta ci? Haka nan mutumin da aka ce ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 10 don nuna gamsuwarsa da rayuwa. Wanda ya saba cewa "lafiya lau" yana kwance a asibiti, wanda yake jin kukan hali kamar butulci ne ga Ubangiji, lambar da zai faɗa godiya ce ko rahoto?

Bincike ya tabbatar da cewa harshen kansa yana jan amsa. A 2002 aka gwada ɗalibai haifaffun Sin da ke karatu a Kanada. Waɗanda aka sa su amsa da harshen Sin sun fi ambaton dangantaka, sun fi ƙanƙan da kai, sun fi yarda da ɗabi'un gida a kan waɗanda suka amsa da Turanci. A 2001 kuma an ga ɗaliban Japan suna siffanta kansu daban-daban gwargwadon wanda ke tare da su, sun fi kushe kansu in a ofishin farfesa suke.

Misalin da ya fi taɓa mu ya fito daga Masar. A wani bincike da Lisa Blaydes da Rachel Gillum suka buga a 2013, an yi hira da mata kimanin 1,200 a birnin Alƙahira, wasu masu tambayar sanye da hijabi, wasu babu. Mata Musulmi sun fi bayyana kansu a matsayin masu riƙo da addini idan mai hijabi ce ta zo, mata Kiristoci kuma sun fi rage nasu. A 2016 wasu masana suka duba hirarrakin Afrobarometer na ƙasashen Afirka 14, suka ga amsar mutum tana sauyawa gwargwadon ko mai tambayar ɗan ƙabilarsa ne ko ba shi ba. Wannan kashedi ne ga mai bincike, amma mu ma ya kamata ya tsaya mana a rai. Idan addinina yana ƙaruwa a bakina saboda shigar wanda ke gabana, yana raguwa in Bature ne ya zo, to sai in binciki zuciyata, domin ƙofar riya ke nan.

Wani lokaci ma tambayar ce take haifar da rigimar da babu ita. Akwai wadda Afrobarometer ke yi, inda ake cewa mutum ya ɗauka dole ne ya zaɓa tsakanin zama ɗan ƙasarsa da zama ɗan ƙabilarsa. An bar masa damar cewa duka biyun daidai suke a wurinsa, wannan gaskiya ne. Amma tun farko an ɗora su a sikeli kamar kishiyoyi, alhali mutum yana iya rayuwa shekara saba'in yana Musulmi, Bahaushe, ɗan Najeriya ko ɗan Nijar, bai taɓa jin ɗaya ta take ƙafar ɗaya ba.

Abin da magabata suka bar mana

Kada wani ya ce wannan aiki baƙo ne a wurinmu. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta sanar da mu cewa hikimar rarraba mutane zuwa al'ummu da ƙabilu ita ce su san juna, kuma ba a sanin mutum sai an tambaye shi an saurara. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya so sanin mutanen Indiya, sai ya koyi harshensu na Sanskrit, ya zauna da malamansu, ya karanta littattafansu, ya kammala littafinsa a kansu wajen shekarar 1030. Tun a farko ya bayyana cewa ba raddi ya zo yi ba, zai kawo maganarsu ne yadda suke faɗinta. Ya lissafa shingayen da ke tsakaninsa da su, na harshe da addini da ɗabi'a. Da ya ambaci yadda suke ƙyamar baƙo, sai ya ƙara da cewa wannan hali ne da kowace al'umma take da shi game da wata. Musulmi ne mai tauhidi, kuma tauhidinsa bai sa ya yi musu ƙarya ba.

Malaman fiƙihu ma sun san haka. Cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu biyar akwai wadda ta ce ana hukunci da al'ada a inda shari'a ta bar wuri. Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, wato 1285, ya gargaɗi mai fatawa cewa in mutum ya zo masa daga wata ƙasa, kada ya yi masa hukunci da al'adar garinsa shi mai fatawa. Ya fara tambayarsa al'adar garinsu da abin da kalmomi suke nufi a can. Wannan shi ne ainihin darasin mudu, tun ƙarni bakwai da suka wuce.

A ƙasar Hausa ma an ga abin da saurare yake haifarwa. A 1949 zuwa 1950 Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana yi mata hira da Hausa kullum har tsawon makonni, tana rubuta maganarta. Littafin da ya fito a 1954 ya adana rayuwar mata, aure, ƙawance, kunya da zuwan Turawa, daga bakin wadda ta rayu a ciki. A 1974 kuma Anthony Kirk-Greene ya buga nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya tattaro siffofi goma da kalmomin mutanen kansu: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Dukansu baƙi ne, amma sun fara da harshenmu. Tambayata ita ce, ina takardar tambayoyin da muka gina a kan waɗannan goman, muka kai wa ɗaliban Amurka da Japan, kamar yadda Bond ya yi da na 'yan Sin?

Masu cewa a ƙi, da masu haɗiyewa

Na san wasu za su ce duk wannan leƙen asiri ne, a rufe ƙofa kawai. Tsoronsu yana da tushe. Daga 2007 zuwa 2014 rundunar sojan Amurka ta riƙa haɗa masana zamantakewa da dakarunta a Iraƙi da Afganistan don su fahimtar da ita mutanen wurin, har babbar ƙungiyar masana al'adu ta Amurka ta fito ta yi tir da shirin tun a 2007. A 2018 kuma ta bayyana cewa wani ɗan gwajin halayya a Facebook ya zama hanyar kwashe bayanan mutane da aka ƙiyasta sun kai miliyan 87, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica. Sai dai yin shiru ba ya hana a rubuta mu. In mun ƙi magana, wani zai yi ta a madadinmu, ko a cike gurbinmu da zato. Kuma likitan ƙwaƙwalwar da zai duba ɗan uwanmu, da mai tsara manhajar makaranta, da ma'aikacin agaji a sansanin 'yan gudun hijira, duk da irin wannan ilimi suke aiki. Gwamma ya zama na gaskiya.

A ɗaya ɓangaren akwai matashin da zai karanta cewa al'ummarsa mai fifita jama'a ce, mai sallama wa manya, sai ya ɗauka an gano masa ciwo. Ya fara kallon zumunci a matsayin nauyi, ladabi a matsayin tsoro. Wannan ya karɓi mudun wani ya auna kansa, ya fito a tauye. Amma kada mu wuce gona da iri: wani lokaci abin da baƙo ya gani gaskiya ne. Al'ada ba wahayi ba ce. Idan aka nuna mana cewa da sunan kunya muna danne haƙƙin yarinyar da aka zalunta, ko da sunan girmama babba muna kasa tsawatar wa azzalumi, to ba mudun ne ya ɓaci ba.

Sa'an nan mu tuna mu ma muna da namu mudun. Sau nawa muke cewa Turawa ba su da kunya, ƙabila kaza ba su da amana, alhali ko mutum uku daga cikinsu ba mu taɓa zama da su ba? Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga wanda in zai karɓa ya cika mudu, in zai bayar ya tauye. Wanda yake so a fahimce shi a cike, wajibi ne ya fahimci wasu a cike.

Nasiha

In an zo maka da tambayoyi, a ƙofar gida ko a waya, haƙƙinka ne ka san wanda ya aiko, da manufar aikin, da inda amsarka za ta tafi, kuma haƙƙinka ne ka ƙi. In ka yarda, ka faɗi gaskiya. Kada ka ƙawata kanka don ka burge, kada ka ɓoye addininka don a ce ka waye. In tambayar ba ta dace da yadda kake ganin abin ba, ka faɗa, domin mai bincike na ƙwarai wannan maganar ta fi masa amfani a kan lambar da za ka zaɓa.

In kana karanta sakamako, ka yi masa irin tambayar da malaman hadisi suke yi wa ruwaya: daga wa aka ji? Su nawa ne? Da wane harshe? Wa ya tambaye su, a gaban wa, a wace shekara?

In kuma Allah Ya nufe ka da karanta wannan fanni, ka shiga da ƙarfinka, muna da buƙatarka. Ka koyi ƙa'idojinsa da lissafinsa sosai, sa'an nan ka fara da saurare kafin ka tsara tambaya. Ka yi hira da mutane da harshensu, ka bar su su kawo kalmominsu, ka koma ka karanta musu abin da ka fahimta su gyara maka. Abin da aka gaya maka a asirce amana ne, kuma tsakanin neman sani da bin diddigin sirrin mutane akwai iyaka wadda aya ta 12 ta Hujurat ta shata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya bayani sa'an nan na waje zai gane.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kanmu da yin adalci ga waninmu. Wallahu a'alam.